Rabin Fuskar Mai Aski

"Ɗaga haɓarka kaɗan, Baba," in ji Mai Hoto. "Yauwa, haka. Kada ka motsa."

Tsohon ya ɗaga haɓa, amma ɓarin fuskarsa na hagu bai biyo shi ba. Tun da ciwon shanyewa ya buge shi wata bakwai da suka wuce, wannan ɓarin ya daina jin maganar kowa, har da ta mai shi. Kuncin ya zubo, gefen baki ya karkata ƙasa, fatar ido ta sauko ta rufe rabin ƙwayar. Ya sa hankici ya goge yawun da ke neman wuyan rigarsa, sannan ya cusa hankicin ƙarƙashin cinyarsa don kada ya fito a hoto.

"To, a yi murmushi."

"Kai fara yi in gani," tsohon ya ce. Maganar da nauyi take fitowa, kamar mai tauna wani abu, amma wata bakwai sun isa Mai Hoto ya koyi jin ta. "Shekara ashirin kana sa mutane murmushi, ni ban taɓa ganin haƙorinka ba."

Bai yi masa ƙarya ba. Mai Hoto dogon mutum ne mai shekara hamsin da 'yan kai, marar yawan magana. Matarsa ta rasu ba su haihu ba, bai kuma sake neman wata ba. Bango ɗaya ne ya raba shagonsa da shagon askin tsohon, kowannensu yana kwana a ɗakin da ke bayan shagonsa, famfo ɗaya suke ɗiba a ɗan tsakar gidan da ke baya. Duk layin Baba Mai Aski suke ce wa tsohon. Shi kuma tsohon ya laƙaba wa maƙwabcin nasa Yi-Murmushi, sunan ya bi shi har masu zuwa ɗaukar hoton fasfo ma da shi suke sallama.

Tsohon ya gwada murmushin. Ɓarin dama ya ja sama da ƙyar, na hagu ya tsaya inda yake, fuskar ta koma kamar ta mai ciwon haƙori. Mai Hoto ya danna, ya duba bayan kyamara.

"Nuna mini."

"Bari mu ƙara ɗaya tukuna."

"Na ce ka nuna mini."

Ya nuna masa. Rabon tsohon da ganin fuskarsa tun ranar da aka sallamo shi daga asibiti, ranar da ya sa aka yafa wa babban madubin shagonsa zanin gado. Ya daɗe yana kallon ɗan gilashin kyamarar da idonsa mai lafiya, sannan ya ture hannun Mai Hoto a hankali.

"Wannan ba zai je wa Uwata ba," ya ce.

Uwata 'yarsa ce, ita kaɗai Allah ya ba shi. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa ba ya kama sunan. Nas ce. Shekara huɗu ke nan da ta samu aiki a wani babban asibiti, tafiyar yini da rabi a mota, shi kuma ya ce bai yarda ba. Ranar da ta ɗauko jakarta, a gaban Mai Hoto da wani bawan Allah da ke kan kujera rabin kansa a aske, ya dube ta ya ce, "In kika fita ƙofar nan, kin gama ganin fuskata." Ta fita. Kowa a layin ya san baki ne kawai ya faɗa, amma taurin kai gado ne a gidan, ita ta ɗauko nasa kaf ba ta rage masa ba. Takan kira shi jefi-jefi, ya amsa mata da kalma biyu. Da ciwon ya zo kuwa sai ya daina ɗaukar wayar gaba ɗaya, don kada ta ji yadda harshensa ya koma. Ya kuma kama hannun Mai Hoto a gadon asibiti ya sa shi rantsuwa ba zai faɗa mata ba.

Shekaranjiya sai ga saƙo a wayar Mai Hoto: "Kawu, Baba ya daina ɗaukar wayata. Don Allah ka ɗauke shi hoto ka turo mini. Ni na san fuskar Babana, in na gani zan san ko ya huce. In ya huce zan nemi hutu in zo." Sau uku tsohon ya sa aka karanta masa saƙon. A na ukun ya juyar da kai wajen bango ya ce ƙura ce ta shigar masa ido.

Yanzu ya nuna kwamfutar da ke kan tebur da sandarsa.

"Ina ganin abin da kake yi wa mutane a akwatin can. Kana goge musu ƙuraje, kana rage musu tumbi. To, ka ɗauki ɓarin nan mai rai, ka juya shi, ka liƙa a wancan."

"Baba, kai da bakinka kake cewa ba fuskar da ɓarinta biyu suka zo daidai."

Haka ne kuwa, wannan karatun tsohon ya yi wa duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa. Yakan ce kunnen kowa ɗaya ya ɗara ɗaya, girar kowa ɗaya ta fi ɗaya tashi, kuma mai askin da ya daidaita saje da ma'auni ya ɓata fuskar mutum, sai dai a bi fuskar yadda aka halicce ta.

"Wancan maganar masu lafiya ce," in ji tsohon.

"To ka bari in faɗa mata gaskiya mana. Nas ce fa."

"Ta zo don tausayi? Ta zo tana goge mini yawu?" Ya zaro hankicin ya goge da kansa. "Majinyata tana da su can birjik. Ni wajen ubanta nake so ta zo."

Mai Hoto ya ɗaga kyamarar. Ya sake ɗaukarsa sau shida, uku da murmushi, uku babu, sannan ya jawo masa kujera kusa da kwamfutar.

Aikin ba shi da wuya ga wanda ya saba. Ya ja layi daga tsakiyar goshi, ya bi karan hanci, ya ratsa leɓe ya sauka a haɓa. Ya yanke ɓarin hagu ya yar, ya kwafi na dama ya juya shi, ya manna a gurbin. Da mai murmushin ya fara. Abin da ya fito wani mutum ne da baki har kunne, kamar mai tallan man goge baki. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Mai Hoto kansa sai da ya sunkuyar da kai kafaɗarsa tana rawa.

"Au, ashe kana da haƙora," in ji tsohon. "Cire wannan mahaukacin. Yi da ɗayan."

Ya yi da ɗayan, wanda ba murmushi. Ya shafe tsakiyar don kada a ga inda aka haɗa, ya gyara inuwar hanci, ya daidaita hasken. Sai ga wani dattijo mai kwarjini yana kallonsu, ido biyu a buɗe tangaran, baki a miƙe, gira da gira kamar an auna. Hoton ya yi kyau, ba wanda zai ce bai yi ba. Amma Mai Hoto ya ji wani abu yana damunsa a ciki, kamar an kawo masa wan tsohon wanda bai taɓa gani ba aka ce ya gaishe shi. Ya rasa mene ne.

Tsohon kuwa ya kai yatsa ya taɓa gilashin.

"Ka ga mutum," ya ce a hankali. "Tura mata wannan. Ka wanke mini babba guda ɗaya. Sauran kuma ka goge su yanzu, ina kallo."

"A bar ko ɗaya mana, Baba."

"A bar wa wa?"

Ya goge su ɗaya bayan ɗaya, na kwamfuta da na cikin kyamara. Tsohon, wanda bai san komai game da na'urar ba, sai da ya tambaya ko akwai wani lungu da suke maƙalewa in an goge. Mai Hoto mutum ne da bai iya ƙarya ba a lokacin, ya buɗe kwandon sharar ya zubar a gabansa. Babban hoton kuma aka maƙale shi da abin matse shanya a jikin zanin gadon da ya rufe madubi.

Kwana biyu ba amsa. A rana ta uku, Mai Hoto yana yanka hotunan fasfo da almakashi, wayarsa ta yi ƙara.

"Na gani, Kawu, na gode. Ya yi kyau, da alama yana cikin ƙoshin lafiya. Amma har yanzu bai huce ba. Ko gira bai ɗaga mini ba. Zan ƙara ba shi lokaci."

Ya ajiye almakashin. A nan ne ya gane abin da ya dame shi, kuma ya ji haushin kansa ƙwarai, mutumin da ya shekara talatin yana kallon fuskokin mutane. Fara'ar Baba Mai Aski duk a ɓarin hagu take zaune. Ko faɗa yake yi, girar hagu takan ɗan tashi, gefen bakin hagu ya lotsa, sai ka san wasa ne a ƙarƙashin faɗan. Ɓarin dama kuwa shi ne mai lura da reza, shi ne mai tsare gida kada a yanki kunnen wani. Ciwon ya kashe mai fara'ar, shi kuma ya ɗauki mai tsare gidan ya ninka shi biyu ya aika wa yarinyar da ke neman alamar afuwa.

Ya leƙa shagon askin. Tsohon yana zaune a bakin ƙofa, sandarsa tsakanin ƙafafu.

"Na ji wayarka ta yi kuka. Ita ce?"

"Ita ce."

"Me ta ce?"

"Ta ce ka yi kyau."

"Sai kuma me?"

Mai Hoto ya dubi titi. Wata motar haya ta tsaya a kwana tana sauke mutane.

"Ta ce tana neman hutu," ya ce.

Tsohon ya gyaɗa kai, ya gyara zama, ya shafa haɓarsa da bayan hannu. "To daga gobe kullum za ka riƙa yi mini aski. Kada ta tarar da ni kamar buroshin wanke takalmi."

Da ma tun da hannun hagu ya mutu, Mai Hoto ne ke yi masa gyaran fuska duk bayan kwana uku, a kan kujerarsa, da rezarsa. Yanzu abin ya koma kullum. Da safe zai dafa shayi ya kai masa a kofin roba mai tsinken tsotsa, saboda kofin kirki yana zubar masa ta gefen baki. Sai ya ɗaura masa tawul a wuya, ya kaɗa kumfa, ya fara daga ɓarin da ba ya jin komai. Tsohon ba ya ganin madubi, amma hakan bai hana shi koyarwa ba.

"Ja fatar da yatsa biyu. Ba haka ba, kai akuya kake fiɗa? Sajen nan ya fi wancan tsawo."

"Ta yaya ka sani, ba ka gani?"

"Iska nake ji."

In an gama su fito da benci bakin shago. Aikin hoto ya yi baya tun da kowa ya samu kyamara a aljihunsa, don haka ba abin da ke jiran Mai Hoto a ciki sai fitilu biyu da labule mai zanen teku. Su zauna, tsohon yana duba kawunan masu wucewa yana faɗin wanda aka cuta a wajen aski. Amma duk motar da ta tsaya a kwana sai maganar ta yanke a bakinsa, har sai fasinja na ƙarshe ya sauka ya kama gabansa.

Abin da ya fi ci wa Mai Hoto rai shi ne abin da yake ji ta bango da hantsi, in yana share shago. Tsohon yana koya wa harshensa magana. "Sannu da zuwa, Uwata. Sannu. Da. Zuwa." Ya faɗa, kalmar ta murɗe, ya yi tsaki, ya sake daga farko.

Sau nawa Mai Hoto ya ɗauki waya ya rubuta, "Babanki ba shi da lafiya, hoton nan ni na haɗa shi," Allah kaɗai ya sani. Ya rubuta, ya tsura wa rubutun ido, ya goge. Yakan ce wa kansa rantsuwa ce ta ɗaure shi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta wadda ba ya son dubawa. In ta ji, a ranar za ta taso, kuma ba za ta bar uban a wannan ɗakin ba, can za ta tafi da shi inda akwai likitoci. Shi kuma a bar shi da kofi ɗaya da benci mai tsawo. Shekara goma sha ɗaya ya yi, tun rasuwar matarsa, ba wanda ke jiran ƙarar takalminsa da safe, sai a watannin nan. Yana son tsohon tsakani da Allah, yana kuma tsoron kaɗaici fiye da yadda yake tsoron zunubi. Don haka kullum sai ya ce gobe.

"Yi-Murmushi," tsohon ya ce wata rana suna kan benci, "hutun nan a asibitinsu wuya gare shi, ko?"

"Ka san aikin asibiti, Baba."

"Haka ne. Mutane ba sa daina ciwo." Sai ya ƙara da cewa, "Ko dai hoton ne bai yi mata ba?"

"Ta ce ka yi kyau."

"Ai na yi kyau," in ji tsohon. Ya juya ya dubi hoton ta cikin ƙofa, ya daɗe bai juyo ba.

Sati biyar aka yi a haka. Ran wata Talata Mai Hoto ya shiga da shayi ya tarar har tsohon ya riga ya hau kujerar aski. Ya sa farar rigarsa, ya yafa wa kansa tawul a karkace da hannu ɗaya, ya jera reza da buroshi da kwanon kumfa a kan kanta.

"Yau ka riga ni," in ji Mai Hoto. "Wa ya taimake ka ka hau?"

Ba amsa. Ya zagayo ta gaba.

Kan tsohon yana jingine da matashin kujera, idanu a lumshe. Ɓarin dama, wanda ya yi wata takwas yana ɗauke da fuskar shi kaɗai, ya saki, ya sauko ya tarar da ɗan'uwansa. Kunci da kunci, gefen baki da gefen baki, duk sun kwanta daidai. Mai Hoto ya taɓa hannunsa ya ji da sauran ɗumi kaɗan. Ya kira shi sau biyu. Ya nemi inda zai ajiye kofin shayin ya rasa, ya yi ta riƙe da shi har ya ƙona masa yatsu, sannan ya ajiye a ƙasa ya fita kiran tela da mai shagon magani.

Mutanen layi suka taru, aka yi abin da ake yi. Mai Hoto ya koma shagonsa ya rufe ƙofa, ya kira lambar da ya yi sati biyar yana kallo. Ta ɗauka da fara'a.

"Kawu, ina kwana? Ya Baba?"

"Sai haƙuri, 'yata," ya ce. "Baba ya rasu yau da safe."

Ya ji ƙarar wani abu ya faɗi a can, da muryoyin mutane, da wata mata tana tambayar lafiya. Sai wayar ta yanke.

Washegari da yamma ta iso, an riga an kai shi. Motar haya ta tsaya a kwana, ta sauko ita ce ta ƙarshe. Ta rame fiye da yadda ya san ta, ta kuma fara sa tabarau. Ta gaishe da mutanen da ke zaune a ƙofa, ta karɓi gaisuwarsu, sannan ta ce, "Kawu, buɗe mini ɗakinsa."

Ya buɗe, ya tsaya a bakin ƙofa. Ta shiga tana duba kayan ɗaya bayan ɗaya. Ta ga sanda mai ƙafa huɗu a jingine da gado. Ta ga kofin roba mai tsinke, da tulin hankici wankakku a ninke, da ƙwallon roba da likita ya ce ya riƙa matsawa. Ta ɗauki kwalayen magani daga kan taga ta karanta sunayensu, ba ta buƙaci kowa ya fassara mata ba.

"Tun yaushe?"

"Wata takwas da 'yan kwanaki."

"Wane ɓari?"

"Hagu."

Ta ajiye kwalayen yadda ta same su. Ta wuce ta ƙaramar ƙofa zuwa cikin shagon, ya bi ta. Kujerar tana nan, tawul ɗin a rataye a hannun kujerar. Ta tsaya gaban babban hoton da ke maƙale a zanin gado, ta cire tabarau ta goge ta mayar. A waya ƙarami ta gan shi. Yanzu ga shi kusan girman fuskar mutum.

Ta kai yatsa ƙarƙashin ido ɗaya, sannan ta kai ƙarƙashin ɗayan.

"Kawu, Babana tawadar Allah ɗaya gare shi."

Mai Hoto ya matso. Ga ta nan kuwa, ɗan baƙin ɗigo a ƙasan ido, ga kuma 'yar'uwarta a ɗaya gefen, daidai wurin. Ya gyara inuwa, ya gyara haske, ya shafe mahaɗa, amma wannan bai gan ta ba, shi da ya yi wata takwas yana zagaye ta da reza.

Sai ya faɗa mata. Ya faɗi rantsuwar, da layin da ya ja, da ɓarin da ya yar. Ya faɗi saƙonta da abin da ya mayar da shi a kunnen tsohon. Ya faɗi askin kullum da motocin kwana da maganar da yake ji ta bango. Ya so ya tsaya a nan, amma bakinsa ya ci gaba, ya faɗi har ɗayar gaskiyar, cewa ya ji tsoron ta zo ta ɗauke shi. Bai ɗaga kai ba har ya gama.

Ya yi zaton za ta yi masa ihu, ya ma fi son hakan. Ba ta yi ba.

"Irin wannan ciwon nake jinya kullum, Kawu," ta ce. "Ɗakin da nake aiki ke nan. Gado goma sha shida. Ina koya musu haɗiya, ina koya musu magana." Ta dube shi. "Da ka turo mini fuskar yadda take, da ko takalmi ban tsaya nema ba."

"Na sani."

"Ya huce?"

"Bai taɓa yin fushin da ya wuce kwana ɗaya ba."

Ta dafa bayan kujerar, ta yi kuka marar sauti, kafaɗunta kawai ke motsi. Shi kuma ya tsaya da dogayen hannayensa, bai san inda zai sa su ba. Kunya da baƙin ciki suka cika shi, ya ji da ma shi aka kai jiya.

Da ta natsu ta ce, "Ba ni na ainihin. Wanda ba ka taɓa ba."

"Babu."

"Ko ɗaya?"

"Ya sa na goge su duka a gabansa."

"Na da fa? Shekara ashirin kuna tare."

"Bai taɓa yarda na ɗauke shi ba. Yakan ce mai madubi ba ya buƙatar hoto."

Ta cire abin shanyar ta sauko da hoton, ta riƙe shi da hannu biyu. Ta dubi wannan gefe, ta dubi wancan. Ta kai hannu ta taɓa ƙasan idonta na dama, sannan na hagu, kamar mai lalube a duhu. Ya ga fuskarta ta canja.

"Kawu," ta ce, muryarta ta yi ƙasa sosai, "na manta a wane ɓari take. Tawadar. Shekara huɗu kawai, na manta." Ta miƙo masa hoton. "Wanne ne nasa?"

"Na dama," ya ce da sauri, ya ɗora yatsa a gefen dama na takardar. Sai ya janye. "A'a, tsaya."

Ya juya ya ba madubin baya, ya tsaya yadda tsohon ya zauna ranar, yana fuskantar inda kyamara take. Ya ɗaga hannunsa na dama ya taɓa kuncinsa. Ya juyo a hankali, hannun yana nan a kuncin, ya dubi takardar.

"Wannan," ya ce, ya nuna gefen hagu na hoton. "Damarsa ce, a hoto tana komawa hagu. Wannan shi ne Baba. Wancan ni ne na sa."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ta kwantar da hoton a kan kanta, tsakanin reza da kwanon kumfa. Ta kama shi ta ninke daga tsakiyar goshi, ta bi karan hanci zuwa haɓa, ta mayar da ɓarin da ba nasa ba baya. Ta bi ninkin da farcen babban yatsa sau biyu har ya kwanta. Sannan ta hau kujerar askin ta zauna, ƙafafunta ba su kai matakin ba, ta ɗora rabin fuskar a kan cinyarta, ido ɗaya yana kallonta.

Mai Hoto ya fita ya jawo mata ƙofar.